Kazar Gida Da Zawon Jini



Da yawanmu da kuɗin kaji iyayenmu mata suka saya mana littattafai, saboda haka kada kowa ya yi dariya.

A hutun daminar bara na tarar da kazar mahaifiyata ta takure, fukafukai a sake, tana zawo da jini. Malamin dabbobi ya ce ƙwayoyin cuta ne masu cin hanji, waɗanda kaji ke tsattsaga daga kashin 'yan'uwansu a ƙasa mai danshi. Muka ware ta a busasshen akurki, muna sa mata amfuroliyam a ruwan sha har kwana 5, da jiƙaƙƙiyar dusa kaɗan-kaɗan. Kullum sai na share kashin.

Ita dai ta tashi. 'Yan tsakinta 2, da muka makara wajen ba su magani, sun mutu.