Shagon Wa Ne Kai? Jawabi A Kan Dambe

Shugaban ƙungiya, dattawa, iyayenmu mata da matasa, an ce mu yi magana a kan dambe, domin yaranmu na nan Lafiya sun fara zarya zuwa gidajen dambe na Marabar Nyanya, wasu har Dei-Dei ta Abuja, iyaye kuma sun kawo kuka.

To jama'a, dambe ba baƙo ba ne a wurinmu. Da kakanninmu suka sauka Lafiyar Barebari da fatauci, akwai mahauta a cikinsu, dambe kuwa wasan mahauta ne tun asali. Da kaka, in amfanin gona ya shiga rumbu, sai su bi garuruwa da kalangu ana gwada ƙashi.

Abin da muke so ku lura da shi shi ne suna. In aka ce Shagon wane, ba shagon kasuwa ake nufi ba, kada mu 'yan tireda mu ɗauka namu ne. Yaron wane ake nufi, wanda ya koya masa. Haka Autan wane, da Bahagon wane, da Garkuwan wane. Wato ɗan dambe yana yawo ne da sunan ubangidansa a ka, shi ma ubangidan yana da nasa, kamar yadda ake tambayar ɗalibi wane malami ya biya masa littafi. Ko manyan da Ɗan Anace ya yi wa waƙa, su Shago da Ɗandunawa da Ado Ɗan Kware, ai ba daga sama suka faɗo ba. Sannan kowa da ɓangarensa, Kudu ko Arewa ko Guramada.

Ubangida ne ke nuna wa yaro naɗin zare a hannun duka, da yadda zai tsare fuska da ɗaya hannun. Shi ke koya masa ladabin fili: turmi uku ne, in abokin karawa ya kai ƙasa an yi kisa, ba ƙari. Amma babban aikinsa shi ne ya dubi wanda ya miƙo wa yaronsa hannu ya ce a'a, wannan ba tsaranka ba ne tukuna. In an ji ciwo kuma, shi ke jinya.

Yanzu fa? Yaro ya kalli dambe a YouTube, ya naɗe hannu, ya haɗiyi ƙwaya, ya hau mota. Ba wanda ya san shi, ba wanda zai ce masa kul. Wannan ne ke dawo mana da yara ba haƙora.

Hani ba zai yi ba, mun gwada. Shawararmu ita ce duk yaron da ya ce dambe zai yi, mahaifinsa ya tambaye shi: Shagon wa ne kai? Ya kawo ubangidan nasa gida a gan shi, Sarkin Fawa ya zama shaida. Wanda ba shi da ubangida, a riƙe kuɗin motar tukuna.

Wassalamu alaikum.