Waken Soya a Randunan Koriya

Waken soya yana ɗauke da sinadaran isofilabon, amma a ɗanyensa galibinsu manne suke da sukari, sai hanji ya raba su kafin su shiga jini. Tafasa kan sauya musu kama, wasu ma su bi ruwan dahuwa a zubar.

Babban aikin raba su da sukarin na ƙwayoyin ruɓarwa ne. A Koriya, doenjang, wato ruɓaɓɓen waken soya, kan shafe watanni cikin randunan ƙasa, ƙwayoyin suna ta yanke sukarin nan, har jiki ya fi saurin ɗaukar sinadaran. Cheonggukjang kuwa, wani nau'in ruɓaɓɓen waken, kwana 2 zuwa 3 sun ishe shi, ya yi yauƙi, ya ɗau wari irin na daddawarmu, domin ƙwayar Bacillus subtilis ce ke aiki a dukkansu.

Sai dai doenjang akwai gishiri sosai, mai hawan jini ya ci da lura.