Ciwon ƙirji: ba kowanne ba ne olsa

Iyayena mata, yayyena da ƙannena na Kwaciri, sannunku da zuwa. Kafin a buɗe akwati a fara zubi, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, mu yi magana a kan ciwon ƙirji.

Ku faɗa mini gaskiya, idan ƙirji ya riƙe wa mace, me take fara cewa? "Olsata ce ta tashi." Sai ta aika yaro kemis, ko ta tsayar da mai tallan magani, ta sha, ta ci gaba da aikinta. Wani lokaci ta dace, olsar ce. Amma ƙirji ɗaki ne mai 'yan haya da yawa: akwai zuciya, akwai huhu, akwai maƙogwaron da abinci ke bi, ga haƙarƙari da naman jikinsa. Kowannensu na iya ciwo, kuma mai ciwon ba za ta iya rarrabe su da hasashe ba.

Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ciki. Ƙwannafi da gyambon ciki suna kawo zafi kamar an zuba barkono a tsakiyar ƙirji, musamman bayan cin yaji ko maiƙo, ko in an kwanta da zarar an gama cin abinci. A kula: magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda muke sha in mun gaji, su kansu suna cinye bangon ciki. Wato maganin da kika sha don ki samu sauƙi zai iya ƙara miki ciwon.

Na biyu, naman jiki da ƙashi. Mai daka, mai jan ruwa a rijiya, mai wuni a kan keken ɗinki, mai ɗauko kaya daga kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari, duk suna iya jin ciwon da ke ƙaruwa in an danna wurin ko an juya. Wannan yawanci hutu yake so.

Na uku, huhu. Zazzaɓi da tari da sukar ƙirji in an ja numfashi na iya zama nimoniya. Hayaƙin itace da gawayi a ɗakin girki marar taga yana wahalar da huhu, yana kuma tayar da asma. Tarin da ya kai mako 2, da rama, da gumin dare, a je a gwada majina, don yana iya zama tarin fuka. Asibitin Zana ga shi nan kusa da mu. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa wata 6, kuma ana warkewa in ba a yanke ba. Mai sikila kuwa, in ciwon ƙirji ya haɗu da zazzaɓi ko haki, ba a kwana da shi a gida.

Na huɗu, damuwa. Tunanin bashi, rigimar gida, fargaba, duk suna sa ƙirji ya yi nauyi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. Ciwo ne na gaske, ba raki ba. Amma likita ne zai ce damuwa ce, bayan ya duba zuciyar.

Na biyar, zuciya, kuma shi ya sa na tsayar da ku. Hawan jini da ciwon suga suna lalata jijiyoyin zuciya a ɓoye, shekara da shekaru. In awo ya riƙa nuna 140/90 ko sama, hawan jini ne, ko da ba kya jin komai. Idan jijiyar zuciya ta toshe, mace ba lallai ta ji ciwo mai tsanani ba. Tana iya jin nauyi kawai, da tashin zuciya, da gajiya, sai ta ce olsa ce.

Sannan akwai ciwon zuciyar masu jego, wanda Kano na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Zuciya ce take raunana a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, take haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi, kada a ce mata "jego ne, zai wuce," kada a ƙara mata kunun kanwa, don kanwa da gishiri suna tara ruwa a jiki. Asibiti za a kai ta.

To, ga alamomin da ba a jira da su, ko tsakar dare ne:

Nauyi ko matsewa a ƙirji da ya ɗauki mintoci bai saki ba.
Ciwon da ke tafiya zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya.
Gumi mai sanyi, jiri ko suma.
Numfashi sama-sama.
Tari da jini.

In kin ga ɗaya daga cikinsu, a jikinki ko jikin maƙwabciya, a nemi adaidaita sahu a tafi sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada a tsaya jiƙa magani, kada a ce sai gari ya waye.

Na san abin da ke ranku: kuɗi, da izinin maigida. Nan ne amfanin ƙungiyarmu. Asusun taimakon da muke zubawa kowane mako don irin wannan rana aka yi shi. Shawarata, yau ɗin nan mu yanke abu uku: nawa za a iya fitarwa cikin gaggawa ba sai an jira ranar taro ba, su wa za a kira, da kuma wane mai adaidaita ne zai amsa waya da daddare. Kowacce kuma ta zauna da maigidanta tun tana lafiya, a yi yarjejeniya cewa in abin ya zo ba ya nan, a tafi kawai. Sannan kafin taro na gaba, kowacce ta je asibitin sha-ka-tafi a auna jininta, ta zo mana da lambar a takarda.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mai tambaya ta ɗaga hannu, in babu, ma'aji ta buɗe akwati. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.