Dafin Kububuwa da Ginin Ƙwayoyin Gado



Manomin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ba ya bukatar a kwatanta masa kububuwa, wadda saboda sharrinta ake yi wa kirari da gobe-da-nisa. Ya san lokacinta, watau farkon damina da kuma kaka, sa'ad da hannu ke shiga cikin ciyawa da ƙarƙashin dami. Ya kuma san alamarta: kafin kwana ɗaya ya cika sai jini ya soma tsattsafowa daga dasashin wanda ta sara, tsohon miki ya buɗe, jinin kuwa ya ƙi daskarewa. Dalilin wannan yana can cikin ginin ƙwayoyin gadon macijin.

Ƙwayar gado rubutu ce a jikin sinadarin DNA, wadda ke faɗa wa jiki yadda zai ƙera furotin. Har zuwa 1977 masana sun ɗauka rubutun a miƙe yake daga farko zuwa ƙarshe. A cikin shekaran nan Richard Roberts da Phillip Sharp suka gano cewa a gutsure yake: gaɓa mai ma'ana, sa'an nan ratsin da jiki ke yankewa ya yar, sa'an nan wata gaɓar. A 1978 Walter Gilbert na Jami'ar Harvard ya raɗa wa gaɓoɓin suna eksan, ratsin kuwa intiron, ya kuma kawo shawarar cewa tsawon ratsin shi ke ba da damar a ciro gaɓa daga wata ƙwaya a dasa cikin wata ba tare da ma'ana ta lalace ba.

Shi ma furotin ba dunƙule ɗaya ba ne. Kamar gidan Bahaushe yake, da zaure da turaka da rumbu, kowane ɗaki da aikinsa, kuma ɗakin da aka gani a wannan gida ana iya ganin irinsa a wancan. A furotin masu yawa na jinin dabbobi, iyakar ɗaki takan faɗo daidai da iyakar gaɓa. Ba kullum ba ne, gaskiya. Waɗansu masana na farko sun ɗora wa shawarar Gilbert kayan da suka fi ƙarfinta. Amma a furotin da ke aiki a wajen tantanin halitta, irin masu daskarar da jini da masu narkar da shi, hujja ta tsaya da ƙafarta.

To, ina kububuwa ta shigo? Fiye da rabin dafinta wani dangin furotin ne mai yanka, wanda ba ya aiki sai da ƙarfen zinki. Kakan wannan dangi, da ake kira ADAM28, ba dafi ba ne, har a jikin ɗan Adam akwai shi, a ɗaure da bangon tantani kamar akuya a turke. A kakannin macizai aka sami kwafinsa, kwafin ya rasa gaɓoɓin ƙarshe masu riƙe da turken, sai ya zama sakakke, yana kwarara cikin jakar dafi da ɗakuna uku. Daga nan kwafi ya yi ta haifar kwafi. Wani ya yar da ɗaki na uku, wani ya yar da na biyu ma, ya rage da wuƙar kaɗai. Nicholas Casewell da abokan aikinsa na Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool sun nuna a 2011 cewa bayan rasa ɗaki sai sauyi ya ƙara sauri a abin da ya rage. A 2016 kuma Libia Sanz da Juan Calvete na Valencia, cikin ƙasar Sifen, suka bi ƙwayoyin gadon kububuwar Afirka ta Yamma gaɓa gaɓa, suka ga gurbin abin da ya zube. Abin mamaki ne cewa a nan ragi ya yi aikin da ake zaton sai ƙari ke yi.

Kowane ɗa ya kama sana'arsa. Wani yana huda bangon ƙananan hanyoyin jini. Wani yana tayar da furotin mai daskarar da jini ba gaira ba dalili, har jiki ya ƙarar da guzurinsa, ya rasa abin toshe rauni. A kan wannan ne David Warrell, da ya yi aiki a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970, ya kafa gwajin nan mai sauƙi: a zuba jinin majiyyaci cikin busasshiyar kwalba mai tsabta, a jira minti 20, in bai daskare ba, dafi ya shiga, a ba da magani nan take. Binciken da Pugh da Theakston suka yi a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, wanda ya fito a 1980, ya fi karkata ga kumurci mai tofi. Dafinsa na wani dangi ne dabam, mai ruɓar da nama, saboda haka gwajin kwalba ba ya kama shi.

Saurin sauyin nan yana da farashi. Kububuwar Indiya da ta Nijeriya 'yan uwa ne, amma fuskar furotin ɗinsu ta bambanta, har maganin da aka haɗa da dafin waccan ya kan kasa gane wannan. An ga haka a karkarar Gana, inda rahoton 2008 ya nuna mace-mace sun ninka sau da yawa bayan an koma ga maganin da aka yi da dafin Indiya. Shi ya sa aka haɗa EchiTAb da dafin macizan Nijeriya, aka gwada shi a Kaltungo, sakamakon ya fito a 2010, da hannun Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. Sai dai maganin yana bukatar asibiti da allura, alhali a shekarun da 'yan bindiga suka addabi kudancin Katsina, fita da majiyyaci da dare daga ƙauye ya zama kasada ta biyu.

A nan sanin gini ya sake amfani. Duk ɗakunan da dangin nan ya zubar, babu ɗaya daga cikin masu yanka da ya rabu da zinki. A 2020 masanan Liverpool suka nuna cewa wani tsohon magani na sha mai kama ƙarfe, DMPS, ya tsare ɓeraye daga dafin kububuwa, kuma daga baya aka gwada lafiyarsa a jikin mutane masu lafiya a Kilifi ta ƙasar Kenya.