BA A KORAR MA'AIKACI DON LAIFIN ƊAN UWANSA

Wannan jawabi ne da wani ɗan uwa lauya ya gabatar ga ma'aikatan masana'antu a wani zama da aka yi bayan sallar Isha'i a Kano.

Bayan ya yi godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), mai jawabin ya fara da labarin wani magidanci da ya shekara 9 yana kula da sito a wani kamfani. Ƙanensa, wanda shi ma a nan yake aiki, aka kama da satar kaya. Washegari aka miƙa wa yayan takardar sallama, ba a tuhume shi da komai ba, ba a kuma ji ta bakinsa ba. Abin da manaja ya faɗa masa kawai shi ne, “Jininku ɗaya.” Lauyan ya ce mutumin ya karɓi takarda ya koma gida yana cewa haka Allah ya ƙaddara, alhali yana da haƙƙin da bai san da shi ba.

Ya ce a Musulunci maganar a rufe take, don ƙa'idar cewa ba a ɗora wa wani nauyin laifin wani ta zo a surori biyar: An'am, Isra'i, Faɗir, Zumar da Najm. Ya kuma tuna wa mahalarta ƙissar Annabi Yusuf (AS), inda 'yan uwansa suka nemi a riƙe ɗaya daga cikinsu a madadin wanda aka samu kayan a wurinsa, shi kuwa ya ƙi. Tsuntsun da ya ja ruwa, in ji shi, shi ruwa kan doka.

Daga nan ya juya ga dokokin ƙasa, inda ya ce a nan ne ake yi wa talaka wayo. Tsohuwar ƙa'idar da Nijeriya ta gada daga Ingila ita ce, mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci da dalili ko babu dalili, muddin ya ba shi sanarwa. Dokar Ƙwadago ta 1974, a sashe na 11, ta ƙayyade sanarwar: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara 5 ba, wata guda ga mai shekara 5 zuwa sama. Wato mai shekara 9 a sito, a tsohon tsari, albashin wata ɗaya ne kuɗin guminsa. A gefen gwamnati ma, ya ce, an ga kora ta dubban ma'aikata a 1975, sannan Dokar Soja mai lamba 17 ta 1984 ta hana kotu ma sauraron wanda aka kora ƙarƙashinta.

Amma al'amarin ya canza, kamar yadda ya bayyana, bayan gyaran tsarin mulki na uku na 2010, wanda ya ɗaga darajar Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya kuma ba ta ikon duba korar zalunci da yin aiki da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Babbar ƙa'idar ita ce Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce dole kora ta kasance da ingantaccen dalili, ko dai gazawar ma'aikacin, ko halinsa shi kansa, ko buƙatar wurin aikin. Halin ƙane ko na mata ko na ɗa ba ya cikin ukun nan. Ya ce Jamhuriyar Nijar da Kamaru sun amince da yarjejeniyar tun shekarun 1980, Nijeriya kuwa ba ta yi ba, amma duk da haka a 2015 Kotun Ma'aikata, a ƙarar wani ma'aikacin banki, ta yanke cewa sallama ba tare da faɗin dalili ba ta saɓa wa ƙa'ida. Ya ƙara da sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 da ya hana tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa, ya ce ai ba wanda ya zaɓi gidan da za a haife shi. Hatta 'yan sanda, dokarsu ta 2020 ta hana su kama wani a madadin wanda ake nema. To ina ga manaja?

Sai dai ya gargaɗi 'yan uwa kada su ɗauka zuwa kotu kamar zuwa kasuwa ne. A kamfani mai zaman kansa da wuya alƙali ya ce a mai da mutum bakin aikinsa, yawanci diyya ake bayarwa. Mayarwa ta fi samuwa ga ma'aikacin gwamnati wanda doka ce ta tsara aikinsa, idan an kore shi ba tare da bin matakan ladabtarwa ba. Kuma kotu takarda take dubawa, ba rantsuwa ba. Don haka ya ce kowa ya adana takardar ɗaukarsa aiki, wadda doka ta wajabta a ba shi cikin wata 3, da takardun albashi. In an ce ya rubuta ajiye aiki da hannunsa don a rufa masa asiri, kada ya yarda, domin da wannan takardar za a kayar da shi gobe. Ya nemi a rubuta masa dalilin korar, ya sanar da ƙungiyarsa ta ƙwadago ko ofishin ma'aikatar ƙwadago, kuma kada ya yi jinkiri. Kotun tana da reshe a Kano da Kaduna.

Wani dattijo daga cikin mahalarta ya tambaya, to idan shi ne ya kawo yaron, har ya sa hannu ya tsaya masa fa? Lauyan ya amsa cewa, “Baba, wannan kam daban ne.” Ya ce wanda ya tsaya wa wani a rubuce ana iya binsa kuɗin abin da ya salwanta gwargwadon abin da takardar ta ƙunsa, don alƙawari ne ya ɗauka da kansa. Amma bin kuɗi daban, kora da sunan sata daban, sai fa in an tabbatar da haɗin bakinsa bayan an ba shi damar kare kansa. Ya shawarci dattijon da ya nemi kwafin takardar da ya sa wa hannu, ya kawo a duba masa a zama na gaba.