Asalin Gidajen Dutse: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai, Limawa

Shugaban ƙungiya, malamanmu masu daraja, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Labarin sarauta dai a rubuce yake. Tarihin Kano ya ce Sarki Abdullahi Burja (1438-1452) ya auri 'yar Sarkin Dutse, ya kuma kawo yaƙin da Sarki Kumbari ya kai wa Dutse. A Garu kowa ya san maharbi Duna Magu, da yadda Salihi da Musa, jagororin Yalligawa da Jalligawa, suka karɓi garin lokacin jihadi.

To, sauran gidaje fa? Limamai, maƙera, marina, fatake? Asalinsu yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi. Tun 1991 da Dutse ta zama hedikwatar Jigawa, gonakin kakanni suka koma filayen gini. Ranar rabon gado a tambayi mutum sunan kakan kakansa, sai ya yi shiru.

Roƙona, kowa ya zauna da dattawan gidansu, musamman iyaye mata, domin su suka riƙe lissafin auratayya. A rubuta sunaye, da garin asali, da sana'a, a miƙa wa sakatare kafin taro mai zuwa.