Matsalar da ke ƙarƙashin gonakin Hawandawaki

A Hawandawaki da sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, da zarar gero ya ƙi, sai a ce ruwa ne bai wadata ba. Amma akwai shekarun da Agusta ke zubo ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk da haka zangarniya ta fito ƙarama. To, a nan sai a tona ƙasa a duba.

Ƙasar geza tana daskarewa, in ta lalace ta zama fako. Ruwa ya zuba ya gangare, saiwa ta kasa nutsewa, kwana kaɗan da ɗaukewar ruwa shuka ta yi yaushi. Jigawa kuwa rairayi ce, ruwa na wanke abincin shuka zuwa can ƙasa, ga ƙarancin sinadarin fosfor da masu bincike na cibiyoyin noma na INRAN da ICRISAT suka daɗe suna nunawa a gonakin Nijar.

Dabarun gyara suna hannunmu. Ramin tassa da takin dabbobi na jawo gara, ita kuma ta huda taurin ƙasa ruwa ya shiga. Gawo na tura saiwa nesa, ya zubar da ganye da damina, gero ya samu taki da rana. Sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon sare shi, wanda aka soma a Maradi a 1983, ya dawo da itatuwa gonaki da dama.

Abin da ke damuna shi ne kwashe kara ƙaf bayan girbi, a bar gona tsirara ga iska. Malaman gona, ku zo da shebur ku haƙa tare da manoma tun rani.